Layin Hajiya Asabe

Ku da kuke zaune a shagunan waya yanzu, in na ce muku shekara goma sha takwas na yi ina karɓar odar layin tarho, sai in ga kuna murmushi ƙasa-ƙasa. Na san abin da ke ranku: ai danna maɓalli ne. To ku gyara zama. Sunana Rabi, a cikin birnin Zariya aka haife ni, kuma na kama aiki a ofishin waya tun farkon shekarun tamanin, da takardar sakandare da ɗan sanin buga tafireta. Teburina shi ne na biyu daga bakin ƙofa. Duk mai son a ja masa layi, ko a mayar masa da shi wani gida, ko a ƙara masa kan waya a wani ɗaki, ta hannuna zai bi.

Odar farko da aka bar mini ni kaɗai ta wani mai sayar da hatsi ce daga Tukur-Tukur. Layi ɗaya yake so a shagonsa. Na cika masa fom tsaf, na buɗe littafin lambobi, na ga wata lamba babu mai ita, na rubuta a 'yar takarda na miƙa masa. Ya tafi yana ta sa mini albarka, ni kuma sai wani fasa kai nake yi. Malam Shehu, babban akawun da aka damƙa ni a hannunsa, ya bari sai da mutumin ya fita, sannan ya zare tabarau ya ce, "Rabi, kin ba shi lamba. To maganar ta ina za ta bi ta je shagon?" Ashe a duk yankin nan babu ragowar waya ko ɗaya a ƙasa. Wata takwas bawan Allah nan yana yawo da lamba a aljihu, ya rarraba wa abokan cinikinsa na Kano, suna bugawa ba ta shiga. Duk ranar da ya leƙo ofis sai in ji kamar in shige ƙarƙashin tebur.

A ranar ne Malam Shehu ya zaunar da ni ya nuna mini cewa oda ba abu ɗaya ba ce. Mutum zai zo ya ce layi yake so, magana ɗaya, amma a wurinmu aiki bakwai ne, kowanne yana jiran na gabansa. Mai safiyo zai je ya ga gidan, ya auna nisa. In ya dawo, a duba akwatin ƙarfen da ke bakin titin unguwar ko akwai ragowar feya. Feya ita ce siraran wayoyi biyu da ake ware wa gida ɗaya daga cikin babban kebul, in babu ita babu zance. Sai an same ta ake ba da lamba a ɗakin inji. Daga nan sito su fitar da waya da falwaya. In kuwa wayarmu za ta ratsa ta ƙarƙashin wayar wuta, sai an rubuta wa ofishin wuta sun yarda, su ma kuma da nasu jan ƙafar. Bayan haka masu hawa falwaya su je su ja waya, sannan ɗakin gwaji su buga su ji ta shiga, ni kuma in rufe oda. In ka tsallake guda, duk wanda ke bayanka ya yi wahalar banza.

Kayan aikinmu ba su taka kara sun karya ba. Kati ne mai kwafi huɗu da takardar kabon a tsakani, sai jan biro, sai wani akwatin katako mai ramuka jingine da bango, kowane rami na sashe ɗaya. Kati yana tashi daga wannan rami ya koma wancan, masinja kuma yana kai kwafi a keke. In ka tambayi Malam Shehu inda odar wane ta kwana, ko ɗaga kai ba ya yi, hannu kawai zai miƙa ya zaro ta. Ba ya faɗa, ba ya zagi. In ka yi kuskure sai ya ajiye maka katin a gabanka kawai, hakan kuwa ya fi mari zafi. Duk abin da na ci a aikin nan daga hannunsa na samu, Allah Ya jiƙansa.

Odar cikin birni kuma daban take. Gidajenmu ba su da lamba, sai dai ka ga an rubuta gidan wane, bayan rijiya, zaure mai ƙofa biyu. Wannan mai sauƙi ne, tunda ni 'yar gari ce. Babbar maganar ita ce falwaya ta fi katanga tsawo. Wanda ya hau kanta yana ganin tsakar gida biyar ko shida, har da makewayi, wanda a gidajenmu ba shi da rufi. Don haka duk odar da ke cikin ganuwa, Malam Shehu zai juya katin ya rubuta da fensir a bayansa: a sanar. Ana gobe za a hau, masinja ya je wurin mai unguwa, mai unguwa ya aika gida-gida. A ranar ma sai an ɗaga murya an ce za a hau sama, an jira mata sun kimtsa, kafin a jingina tsani. Babu wannan a littafin dokar ofis. Da Malam Shehu ya yi ritaya na ci gaba da rubutawa, har hannuna ya saba, ba na ma sanin na yi.

Shekarar da ruwa ya shiga kebul ita ce ba na son tunawa. Damina ta yi ƙarfi, layuka suka mutu rututu, aka kwashe duk feyar da ta rage aka ba waɗanda nasu suka lalace. Sabuwar oda ta tsaya cak. Ramuka suka cika, muka koma ɗaure katuna da kyauro muna jibgewa a kwali. Mun sha zagi kamar mu muka yi ruwan. Manya kuma sai aiko da 'yan takardu suke yi, ka bar kati a ƙasan ɗauri da yamma, ka zo da safe ka tarar ya hau sama, ba zan ce ga wanda ya ɗaga shi ba. Wasu katunan gara ta ci, masu su suka koma farko. Wannan ya fi komai ci mini rai.

A shekarar nan ne Hajiya Asabe ta cika fom ɗinta. Ungozoma ce da ta yi ritaya daga asibiti, gidanta yana can cikin lungu in ka shiga ta Ƙofar Doka. Matan unguwa duk wurinta suke zuwa. In haihuwa ta zo da gardama, sai ta tashi mutum a keke ya je neman mota, wani kuma ya je asibiti ya faɗa musu ana tafe. Abin da take so kawai ta ɗaga waya ta kira direba, ta kira likita, kafin jini ya ƙare a jikin mace. Duk bayan wata uku za ta zo, ta zauna a bencin da ke gabana, ta tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "'Yata, ya ake ciki?" In ce Hajiya a ƙara haƙuri. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, shekara bakwai.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in aka kawo mana kwamfuta. Wani injiniya mai suna Yusuf aka turo daga hedikwata ya kafa ta. Kwana biyu ya yi a gefen teburina da littafi, ya ce in lissafa masa duk matakin da oda take bi, kada in bar ko ɗaya. Na jero masa bakwai ɗin nan, har ina yi masa dariya don ya sa na maimaita sau uku.

Ni dai ban taɓa zagin kwamfuta ba, kuma ba zan zage ta ba. Kana shigar da oda za ta farfasa ta gida bakwai, ta aika wa kowane sashe nasa. Ba za ta bar ɗakin inji su ba da lamba ba sai feya ta samu. Ba za ta fitar wa masu hawa takardar aiki ba sai sito da ofishin wuta sun amsa. In feya ta samu, wanda ya fi daɗewa a jira take ba, ba ta san ɗan wane ba. Ta haka ne da wani ma'aikaci ya yi ƙaura ya saki layinsa, feya ɗaya tilo da ta rage a akwatin Ƙofar Doka ta faɗa kan Hajiya Asabe. Da na ga sunanta a allo sai da na yi hamdala a fili.

Sai dai tana da agogo. In oda ta kai hannun masu hawa, kwana talatin take ba su. In ba a rufe ba, sai ta warware komai da kanta: ta mayar da lamba, ta soke kayan sito, ta miƙa feya ga na gaba, mai odar kuma ya koma ƙarshen layi. An yi haka ne don kada wani ya danne feya yana jiran mai ba shi na goro.

Wata Litinin da safe na kunna allo na ga tauraro a gefen odar Hajiya, alamar kwananta ya kusa cika. Ranar Alhamis in an tashi daga aiki za ta warware. Na duba, na ga sau uku masu hawa suna rubuta ba a sami mai gida ba. Hajiya Asabe da ko biki ba ta daɗewa don kada a zo nemanta? A lokacin an ba wani ɗan kwangila aikin hawa, mutanensa kuma baƙi ne, ba 'yan gari ba. Na ɗauki mayafi na tari ɗan acaɓa.

Hajiya ta shimfiɗa mini tabarma, ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta faɗa mini. Falwayar da za a ja mata waya tana bayan gidan maƙwabcinta Malam Tanimu, mai aikin hannu a babbar riga. Masu hawa sun zo da hantsi, babu sallama babu komai, suka jingina tsani. Matarsa Talatu tana makewayi tana wanka, ɗaga kan da za ta yi sai ga mutum a sama. Ta yi ihu, unguwa ta taru, da ƙyar aka raba. A gaban jama'a Malam Tanimu ya rantse da Allah babu ma'aikacin waya da zai ƙara hawa icen nan muddin yana raye. Su kuwa ba su sake takawa lungun ba, suna zaune suke cika takarda. Na ce Hajiya me ya hana ki zuwa ki faɗa mini? Ta ce da wane ido za ta je neman waya, bayan saboda ita aka keta mutuncin gidan da suka yi shekara talatin katanga ɗaya.

A kan tabarmar nan na gane daga inda ɓarnar ta fito. Takardar da kwamfuta take bugawa ba ta bi ta teburina, babu bayan katin da zan rubuta a sanar. Da Injiniya Yusuf ya ce in lissafa matakai, bakwai na ba shi. Na takwas ɗin ban taɓa ɗaukarsa mataki ba, don a wurina kamar sallama ne in za ka shiga gida. Ni na manta, ba na'ura ba.

Na shiga wurin Talatu. Tun ranar ko suna ba ta ƙara fita ba don kunya. Na durƙusa na ce mata laifina ne, na yi mata bayani yadda zan iya. Ta ce ita ta yafe tuni, ai 'ya'yanta huɗu a hannun Hajiya suka faɗo, amma bakin Malam ya riga ya furta. Na fito zaure na tsuguna daga bakin ƙofa, na ba da haƙuri, na roƙi a bari a hau. Malam Tanimu yana riƙe da allura, bai ɗago ba har na gama. Sannan ya ce, "Malama, na ji, kuma na gode da kika zo da ƙafarki. Amma da sunan Allah na rantse, ba da sunan wani ba."

Na koma ofis na sami Injiniya Yusuf. Na ce a kafa wata falwaya a wani wuri. Ya ce sabuwar falwaya sabon safiyo ne, sabon safiyo kuwa yana mayar da oda matakin farko, feya ta tafi ke nan. Na ce to ya tsayar da agogon. Ya ce makullin wannan yana hedikwata, da gangan aka hana mu, kuma in an rubuta musu amsa ba za ta zo kafin Alhamis ba. Na so in ji haushinsa, amma ni da na ga shekarar kwali na san amfanin wannan hanin. Sai na faɗa masa abin da na manta. Bai yi mini gori ba, ya buɗe littafinsa ya rubuta. Bayan wasu watanni aka ƙara shi a cikin na'ura: duk odar cikin ganuwa, takardar hawa ba ta fita sai an shigar da cewa mai unguwa ya ji. Amma wannan bai tsinana wa Hajiya komai ba a makon nan.

Ranar Talata ina tsakiyar aiki sai ga Malam Tanimu a gaban teburina, ya jingine kekensa a waje. Ya ƙi zama. Ya ce ya je wurin malaminsa, an gaya masa wanda ya yi rantsuwa ya ga ta tare hanyar alheri, kaffara zai yi ya bar ta. Ba shi da halin ciyar da mutum goma. Hajiya ta aiko za ta ɗauke masa, ya ce a'a, bakinsa ne ya furta, shi zai ɗauka. Don haka ya tashi da azumi, kwana uku zai yi, mu zo ranar Juma'a bayan ya cika. Na juya masa allon na nuna masa tauraron, na ce Malam, Alhamis na'urar nan za ta saki odar. Ya kalli rubutun da bai iya karantawa ba.

Ya ce, "Ita ba ta karɓar uzuri?"

Na ce, "Ba ta karɓa, Malam. Ko daga Alhaji wane ne."

Ya ɗan gyaɗa kai, kamar wannan ɗin ta yi masa daidai. Ya ce an faɗa masa ya halatta a hau kafin ya cika, shi ne dai ya fi son ya gama tukuna. Sannan ya ce mu zo Alhamis bayan azahar.

Ban yarda da mutanen ɗan kwangila ba. Na roƙi shugabanmu ya ba ni Garba, tsohon mai hawanmu, wanda ya yi zamani da Malam Shehu. Ranar Laraba na je wurin mai unguwa da kaina. Ranar Alhamis kuma na bi gida shida ɗin da ake hange daga falwayar, na shiga har tsakar gida, na gaya wa mata baki da baki. Zafin bazara ake yi mai sa mutum ya ga duhu-duhu. Garba ya tsaya a lungu ya ɗaga murya sau uku ya ce za a hau sama, ya jira, sannan ya ɗauko tsani. Ƙasan wurin ba daidai yake ba, tsanin yana rawa. Kafin a nemi mai riƙewa Malam Tanimu ya fito daga zaure, leɓensa a bushe, ya kama ƙafar tsanin da hannu biyu ya sunkuyar da kai. Garba ya hau ya juya wa gidajen baya, bai waiwaya ba har ya gama.

Ƙarfe uku saura wayar ta yi ƙara a ɗakin Hajiya. Ta bar ta ta yi sau uku tana kallonta, sannan ta ɗaga ta yi wa mai gwaji sallama, ta shiga jero masa addu'a har da iyayensa, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ban tsaya jin ƙarshe ba, don uku da rabi ake tashi, kuma in ban rufe odar da hannuna ba na'ura ba ta san an yi komai ba. Na rufe ta kuwa, da sauran minti goma. Layin nan ya yi wa matan unguwar aiki har Hajiya ta koma ga Allah.

Amma kafin in bar lungun sai da na tsaya a zauren Malam Tanimu. Ya koma kan buzunsa, ya jingina da bango, rigar tana cinyarsa amma ya kasa zura zare a allura. Na tsuguna na fara godiya, domin yunwar da yake ji tawa ce, ni ya kamata in ji ta. Ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Tashi ki je ki rufe naku, Malama, kada ta saki. Ni nawa sai an kira magariba."